Tambaya da Amsa: Yadda Magabata Suka Auna Girman Duniya da Inuwa

Wasiƙun da suka taru a wannan karo kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato siffar duniya da girmanta, da yadda mutanen da suka gano su. Na zaɓi guda biyar waɗanda amsar kowace ke buɗe ƙofar ta gaba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin sakandare ne a Funtuwa, ina koyar da labarin ƙasa. Wani ɗalibina ya tsaya kai da fata cewa babu wanda ya san duniya a mulmule take sai da Turawa suka harba kumbo suka ɗauko hotonta. Ina neman hujjar da zan ba shi wadda zai iya gani da idonsa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara maka haƙurin koyarwa. Ka fara da shekaru. An harba tauraron ɗan'adam na farko a 1957, shi kuwa masanin Girka Aristotal ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, kuma kafin rasuwarsa ya riga ya rubuta hujjojinsa na cewa duniya ƙwallo ce. Tsakanin biyun akwai fiye da shekara 2,200.

Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce husufin wata. A daren da ake cewa rana ta kama wata, yara su fito da gwangwanaye suna kiɗa, manya su tashi sallah, duhun da ke hawa fuskar watan inuwar duniya ce, domin ta shiga tsakanin rana da shi. Wanda ya natsu ya duba zai ga bakin inuwar a lanƙwashe yake, ko husufin ya faru da almuru wata yana gabas, ko da tsakar dare yana tsakar ka, ko da asuba yana gab da faɗuwa. Ka kai faifai da lemo aji, ka haska su da tocila a jikin bango. Faifai zai ba da inuwa zagayayya ne kawai idan ya fuskanci hasken sosai; da ka karkata shi sai inuwar ta koma kamar ƙwai, in ka ƙara karkatawa ta zama ɗan siririn layi. Lemo kuwa duk yadda ka juya shi inuwarsa zagayayya ce. Ka bar yaron ya juya su da hannunsa, domin gani ya kori ji.

Hujja ta biyu tana cikin taurari. Aristotal ya lura cewa akwai taurarin da ake gani a Masar da wajejen tsibirin Kubrus waɗanda mutanen da ke can arewa ba sa ganinsu. Mu ma muna iya gwadawa da tauraron arewa, wanda kusan ba ya gusawa daga inda yake: a Legas tsayinsa daga gindin sama bai kai digiri 7 ba, a Kano digiri 12 ne, wato ya ɗan ɗara faɗin dunƙulen hannu idan ka miƙe shi gabanka, a Agadas kuma ya kai 17. Da ƙasa shimfiɗe take kamar tabarma, tafiyar 'yan ɗaruruwan kilomita ba za ta ɗaga tauraro mai irin wannan nisa ba.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ni ɗaliba ce daga Damagaram. Na ji labarin wani mutum da ya auna kewayen duniya da sanda ɗaya, kuma wai bai kuskure ko da kashi ɗaya cikin ɗari ba. Shin gaskiya ne, ko an ƙara gishiri?

Amsa: 'Yata, labarin gaskiya ne, gishirin yana wajen ƙarshensa. Sunan mutumin Eratostenis. An haife shi wajejen shekara ta 276 kafin haihuwar Annabi Isa a birnin Sirini, wanda kufansa ke gabashin Libiya a yau, kuma sarkin Masar na lokacin ya ɗora shi a kan babban ɗakin karatu na Iskandariyya. An ruwaito cewa mutanen zamaninsa sun yi masa laƙabi da harafi na biyu na baƙaƙen Girka, wai a kowane fanni shi ne na biyu. A ganina wannan laƙabi bai yi masa adalci ba, domin aikin da zan bayyana miki yana bukatar mutumin da ya san lissafi, ya san taurari, ya kuma san labarin ƙasa a lokaci guda.

An san cewa a garin Sayin, wato Aswan ta yau a kudancin Masar, akwai yini ɗaya a shekara, wajejen 21 ga Yuni, da rana ke tsayawa daidai tsakar ka da zawali, har sandar da aka kafa a miƙe ta rasa inuwa. Marubutan da suka zo baya sun ambaci wata rijiya a garin da haske ke kai wa har gindinta a wannan sa'a. Amma a Iskandariyya, can arewa a bakin teku, a wannan yini da wannan sa'a, sanda tana da 'yar inuwa. Eratostenis ya auna karkatar inuwar ya samu kashi ɗaya cikin 50 na cikakkiyar da'ira, wato digiri 7.2 a lissafinmu. Idan kina son ki ga ƙanƙantar abin, sanda mai tsawon mita ɗaya inuwarta ba za ta kai santimita 13 ba.

Ga inda basirar take. Ki ɗauki lemo ki soka masa tsinken ashana biyu a wurare daban, kowane ya nufi tsakiyar lemon. Za ki ga kawunansu sun buɗe, ba su tafi a jere ba. Idan hasken da ya taso daga nesa ƙwarai ya sauka sak a kan tsinke na farko, dole ya sami na biyu a karkace, kuma girman karkatar daidai yake da kusurwar da tsinkayen biyu suka yi a can tsakiyar lemon. Ke nan tazarar Sayin da Iskandariyya ita ma kashi ɗaya ce cikin 50 na kewayen duniya. Misirawan da kuwa gwanayen awon ƙasa ne, tunda a wancan zamani kowace shekara ambaliyar kogin Nilu kan shafe iyakokin gonaki a sake ja da igiya, kuma tazarar garuruwan biyu an ƙiyasta ta a kan sitadiya 5,000, wanda shi ne ma'aunin nisa na Girkawa. Ya ninka 5,000 sau 50 ya samu 250,000. Daga baya an ruwaito adadin a matsayin 252,000, wanda ke rabuwa daidai zuwa 700 ga kowane digiri.

Littafin da ya rubuta a kai ya ɓace. Abin da ya iso mana bayani ne da wani marubuci mai suna Kiliyomidis ya taƙaita wa ɗalibai ƙarnuka bayansa.

Yanzu batun kashi ɗaya cikin ɗari. Kewayen duniya idan aka bi ta ƙuryar arewa da ta kudu kilomita 40,008 ne. Matsalar ita ce sitadiya ba tsawo ɗaya gare ta ba a ko'ina, kamar yadda mudun wata kasuwa ya bambanta da na wata. Idan aka ɗauki mai mita 157.5, adadin 250,000 zai zama kilomita 39,375, kusa ƙwarai da gaskiya. Idan aka ɗauki mai mita 185, wadda aka fi sani, sai ya zama 46,250, ya yi yawa da kimanin kashi 16 cikin ɗari. Masu son labari ya yi daɗi su kan zaɓi na farko su yi shiru da na biyu. Bayan haka Aswan ba kudu sak take da Iskandariyya ba, ta karkata gabas da kusan digiri 3, kuma tana ɗan arewa da ainihin layin da rana ke tsayawa tsakar ka a wannan yini, sannan adadin 5,000 da gani dunƙule shi aka yi. Ina roƙon ki da ki riƙe wannan sosai: darajar aikin tana cikin hanyar, wadda ingantacciya ce, ba cikin dacewar adadi ba.

Kuma ke kin fi shi samun sauƙi, domin ƙasar Hausa tana cikin yankin da rana ke tsayawa tsakar ka sau biyu a shekara. A Kano hakan na faruwa wajejen 22 ga Afrilu da 21 ga Agusta, kusan ƙarfe 12 da rabi na rana. A kafa sanda mai mita ɗaya a daɓe mai laushi, a rataya dutse da zare a gefenta don a tabbatar ta miƙe, za a ga inuwar tana janyewa har ta shige ƙarƙashinta. A wannan yinin, idan wata 'yar'uwa a Agadas ta kafa irin sandar ta auna inuwa mafi gajarta, za ta samu kusan santimita 9 tana nuna arewa, wanda ya yi daidai da digiri 5. Digiri 5 kashi ɗaya ne cikin 72 na da'ira, tazarar garuruwan biyu kuwa a miƙe kimanin kilomita 550 ce. Ki ninka 550 sau 72 ki ga abin da zai fito.

Tambaya: Malam, ina da ja. Ni direban babbar mota ne, na sha hanya daga Maiduguri zuwa Kwatano, kuma ban taɓa ganin ƙasa ta lanƙwashe ba. Idan ƙasa shimfiɗe take, rana kuma tana kusa kamar fitilar kan titi, ai inuwar sanda za ta bambanta daga gari zuwa gari. To me awon sandar ya tabbatar?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan ja ne mai ma'ana, kuma ka taɓo wurin da littattafai da yawa ke tsallakewa. Awo a gari biyu kaɗai ba ya tabbatar da cewa duniya ƙwallo ce. Eratostenis ya riga ya yarda da hakan daga hujjojin husufi da taurari, abin da ya nema shi ne girma. Masanan ƙasar Sin na da ma sun auna inuwa, suka bi irin tunaninka, suka kafa ƙa'idar cewa inuwar sanda na canzawa da ma'auni ɗaya a duk tazarar li 1,000, li kuwa shi ne ma'auninsu na nisa, suka kuma fitar da nisan rana daga nan. Sai a shekara ta 724, da sarkinsu ya aika aka yi awo a wurare da dama daga arewa zuwa kudu ƙarƙashin jagorancin masani Yi Shing, aka ga ƙa'idar ba ta tsaya ba.

Gari na uku shi ke raba gardama. A ranar da sanda ta rasa inuwa a Kano, idan muka ɗauka ƙasa shimfiɗe take, inuwar Agadas za ta ce rana tana sama da kimanin kilomita 6,300. Inuwar birnin Tunis za ta ce kusan 5,950, ta Farankfut a Jamus kuma ta ce kusan 5,400. Rana ɗaya ba za ta tsaya a tsawo uku a sa'a ɗaya ba. Amma idan aka ɗauka ƙasa ƙwallo ce, rana kuma tana da nisa ƙwarai, duk garuruwan sai su ba da kewaye ɗaya. Ka kuma tuna fitilar kan titi tana girma idan ka doso ta, ta ƙanƙance idan ka wuce, alhali faɗin rana a sama bai canzawa daga hantsi zuwa la'asar, domin tana nesa da mu da kimanin kilomita miliyan 150. Rashin ganin lanƙwasa a hanya kuwa girman abin ne ya jawo: sai ka yi tafiyar kilomita 111 kafin ƙasa ta karkata da digiri ɗaya tak.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam. Ni almajirin ilimi ne a Sakkwato. Kullum sunayen Girkawa muke ji. Shin malaman Musulunci sun yi wani abu a wannan fanni, kuma yaya suka fahimci ayar da ta ce an shimfiɗa ƙasa?

Amsa: Allah ya ba da ilimi mai amfani. Sun yi, kuma a wajen taka-tsantsan na awo sun wuce waɗanda suka gada. Halifa Ma'amun na Bagadaza, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, ya tarar da adadin kewayen duniya a littattafan Girka da aka fassara, ya tambayi ma'anar sitadiya, masu fassara suka saɓa. Maimakon ya zaɓi maganar ɗaya daga cikinsu, sai ya ba da umarni a je a auna. Wajejen shekara ta 830 masana taurari, cikinsu har da Sanad bin Ali da Khalid al-Marwarrudhi da Ali bin Isa al-Usɗurlabi, suka fita sarari, kuma awon da ya fi shahara an yi shi ne a filin Sinjar da ke arewacin Iraƙi. Suka auna tsayin rana da zawali, suka rabu biyu, wasu suka yi arewa sak wasu kudu sak, suna shimfiɗa igiya suna ƙirgawa, har tsayin ya canza da digiri ɗaya. Adadin da aka fi riƙewa shi ne mil 56 da biyu bisa uku ga kowane digiri, wanda ya ba da kewayen mil 20,400. Mil ɗin Larabawa zira'i 4,000 ne, ya kusa kilomita 2, don haka lissafin ya faɗo wajejen kilomita 40,250.

Wanda ya fi burge ni shi ne Abu Raihan al-Biruni, haifaffen Khwarizm a 973. Ba shi da rundunar masu jan igiya, sai ya nemi hanyar da mutum ɗaya zai iya. A Nandana, wani sansani da ke yankin Funjab na Fakistan a yau, ya sami dutse mai kallon shimfiɗaɗɗen fili. Ya fara auna tsawon dutsen daga ƙasa, ta hanyar hangen ƙololuwarsa daga wurare biyu da ya san tazararsu, ya samu zira'i 652 da 'yan kai. Sannan ya hau, ya auna yadda wurin da sama ta haɗu da ƙasa ya sunkuya ƙasa da daidai idonsa, ya samu minti 34, wato rabin digiri da ɗan ƙari. Wannan sunkuyawar kanta shaida ce, domin a ƙasa shimfiɗaɗɗiya mara iyaka ba za a same ta haka ba. Daga waɗannan adadi biyu ya fitar da nisan doron ƙasa zuwa tsakiyarta, fiye da zira'i miliyan 12 da dubu 800, wanda aka saba juyawa zuwa kimanin kilomita 6,340, alhali awon yau 6,371 ne. A nan ma sai an yi hattara da ƙarin gishiri, domin iska tana lanƙwasa haske, kuskuren minti ɗaya a irin wannan ƙaramar kusurwa kuma yana sauya sakamako da ɗaruruwan kilomita, don haka akwai faɗuwar da ta zo daidai da zama. Shi kansa ya ɗauki awonsa a matsayin gwajin na mutanen Ma'amun, ya kuma fifita nasu saboda kayan aikinsu sun fi kyau.

Abin da ya sa suka damu haka bai rasa nasaba da ibada. Lokutan sallah da inuwa ake gane su, kamar yadda har yau wasu dattawa ke taka inuwarsu da ƙafa don sanin shigar la'asar, alƙibla kuma ga wanda ke nesa da Makka ba ta fita daidai sai da lissafin ƙwallo. Biruni ya kammala wani littafi a 1025 wanda babban burinsa shi ne gano matsayin birnin Gazna da alƙiblarsa. Akwai ma hanyar da ta yi kama da rijiyar Sayin: wajejen 28 ga Mayu da 16 ga Yuli rana kan tsaya daidai saman Ka'aba, a agogonmu ƙarfe 10:18 na safe a ta farko da 10:27 a ta biyu. Duk wanda ya fuskanci rana a wannan minti ya fuskanci alƙibla.

Game da ayar Suratul Gashiya, ba zan ɓoye maka saɓani ba. A tafsirin Jalalaini, wanda ake karantawa a masallatanmu da azumi, an ce zahirin ayar yana nuna ƙasa shimfiɗe take, tare da cewa maganar masana falaki ba ta rushe wani rukuni na shari'a ba. Imam Fakhruddin ar-Razi kuwa ya ce kafa hujja da ayar a kan cewa ƙasa ba ƙwallo ba ce rarrauna ne, domin ƙwallo idan ya kai matuƙar girma kowane yankinsa kamar shimfiɗa yake. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tafi a kan cewa ƙasa a mulmule take, ya kafa hujja da ayar Suratuz Zumar mai maganar naɗa dare a kan yini da naɗa yini a kan dare, kalmar da Larabawa ke amfani da ita wajen naɗin rawani.

Tambaya: Malam, a makaranta an ce mana Kolombus ne ya nuna wa mutane duniya zagayayya ce. Daga wata uwa a Zangon Kumasi.

Amsa: Hajiya, wannan kuskure ne da ya daɗe yana yawo. Masanan da suka ƙi shirin Kolombus kafin tafiyarsa ta 1492 sun san duniya ƙwallo ce. Gardamarsu a kan girmanta take, kuma su ne ke da gaskiya. Ya ɗauko mil 56 da biyu bisa uku na zamanin Ma'amun, wanda masanin taurari al-Fargani ya ruwaito, amma ya lissafa shi da mil ɗin Rumawa mai kimanin mita 1,480, sai duniya ta ƙanƙance masa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ya kuma ƙara wa nahiyar Asiya faɗi, har ya zaci tsakanin tsibiran Kanari da Japan bai kai kilomita 5,000 ba, alhali in aka bi yamma sak ya kusa 20,000. Da babu nahiyar Amurka a tsakani, da ruwan shansu da guzurinsu sun ƙare a teku.

Abin da ya rage wa na baya shi ne gyaran siffar. Masanin Ingila Niyuton ya yi hasashe a 1687 cewa juyawar duniya ta sa ta ɗan kumbura a tsakiya ta ɗan baje a ƙuryoyinta, kuma tawagogin Faransa da suka yi awo a Laflan, can arewacin Turai, da ƙasar Feru daga 1735 zuwa gaba sun tabbatar da haka. Daga tsakiyar duniya zuwa ikwaita, wato layin da ya raba ta biyu arewa da kudu, kilomita 6,378 ne, zuwa ƙuryar arewa kuma 6,357, bambancin 21 kacal. A 1791 Faransawa suka yanke cewa sabon ma'auninsu zai zama kashi ɗaya cikin miliyan 10 na tazarar ikwaita zuwa ƙuryar arewa, suka tura masana biyu, Dalambar da Meshan, suka shafe daga 1792 zuwa 1798 suna awo tsakanin Dankak da Basalona. Wannan ma'auni shi ne mita, wanda ke jikin tef ɗin tela da na magini, kuma shi ya sa kewayen duniya ya faɗo kusan daidai a kan kilomita 40,000.